Idan aiki ya kai mai sana'a wani gari, wa zai ɗauki kuɗin mota da masauki da ranakun zama?

Malam Usman Birkila, Jekadafari, Gombe

Assalamu alaikum wa rahmatullah. 'Yan'uwa masu sana'a da iyayenmu 'yan kwangila, ina so mu tattauna wani al'amari da yake ci wa magina da kafintoci da masu walda tuwo a ƙwarya, wato yadda ake biyan mutumin da aka ɗauke shi daga garinsu aka kai shi aiki wani gari. Kafin a cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, idan aka kira birkila daga Gombe zuwa Kaltungo ko Bajoga ba a cika jan magana a kan kuɗin mota ba, domin abin da zai kashe a hanya bai taka kara ya karya ba idan aka auna shi da ladan aikin. Daga baya litar man da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura naira 1,000 a shekarar 2024, kuɗin mota da na abinci suka bi sahu, amma har yau akwai masu aikin da suke yi wa mutum jinga a Yola ko Jalingo ko Abuja a kan farashin da za su ba shi da a Tumfure, nan gefen Gombe, ginin yake.

Ra'ayina shi ne ladan aiki daban, abin da tafiyar ta ci kuma daban. Kuɗin zuwa da dawowa, da wurin kwana, da abin da mutum zai ci, da ranakun da zai zauna bai yi aiki ba saboda kaya ba su iso ba, duk ba riba ba ce ga mai sana'a, kuma ba kyauta ba ce daga mai aiki. Kashewa ce da aikin ya jawo, don haka aikin ne ya kamata ya ɗauke ta, kuma a yanke maganar tun kafin mutum ya shiga tasha. Ina so in ji ta bakin waɗanda suke bayar da aiki.

Alhaji Garba, ɗan kwangila, Fadaman Mada, Bauchi

Wa alaikumus salam. Malam Usman, ka kawo magana mai muhimmanci, amma ka dube ta daga gefe guda. Ni idan na kira magini nakan ba shi jinga dunƙule, in ce ga abin da zan biya daga tushe zuwa linta, shi kuma ya yi lissafinsa ya karɓa ko ya ƙi. Baligi ne mai hankali, ya san nisan Bauchi da Jos, ya san abin da farantin shinkafa ya kai, don me za a ce na zalunce shi bayan da bakinsa ya ce ya yarda? Sannan ku sani cewa shi ma ɗan kwangila ba daga aljihunsa yake biya ba. Mai gini yana kallon jimillar kuɗi ne kawai, kuma idan na ɗora masa kuɗin masauki da abincin mutum goma zai ce in nemi ma'aikata a garin da ake ginin, ko kuwa ya ba wani aikin. Idan na gwamnati ne, sai ka gama aiki ka yi ta jiran a biya ka, alhali ma'aikata ba za su jira ba, masu siminti da rodi ma ba za su jira ba. Akwai kuma abin da ba a son faɗa, wato ma'aikatan da suke karɓar kafin alƙalami da kuɗin mota su kashe waya. Duk wanda ya daɗe a wannan harka an taɓa yi masa haka.

Injiniya Sa'idu, Gombe

Alhaji, da izininka zan tsaya a kan maganar nan ta neman ma'aikata a garin da ake ginin. Idan akwai su kuma hannunsu ya yi maka, babu shakka su za ka ɗauka, kuma babu mai ganin laifinka. Ba ka ɗauko mai tayil ko mai silin daga Gombe ka kai shi Numan sai don ka san aikinsa, ka san ba zai ɓata maka kaya ba, kuma ka san gidansu. Wannan amincin shi kake saye, kuma yana da farashi. A takardar ƙiyasin gini da aka tsara yadda ya kamata akwai sashen share fage, inda ake sa kuɗin kai kayan aiki da ma'aikata wurin gini, da rumfar ajiya, da ruwa, da mai gadi. Manyan kamfanonin hanya saboda haka suke gina yadi mai ɗakuna da famfo kafin su fara zuba kwalta. Matsalar ƙananan kwangiloli ita ce, don a ci gasar farashi, wannan sashe ne ake fara gogewa, sai nauyin ya gangaro kan wanda ya fi kowa rauni.

Jinga dunƙule ba laifi ba ce a kanta. Inda take cutarwa shi ne ba ta nuna wa mai sana'a abin da ya rage masa. Mu ɗauka, a misali kawai, ladan yini naira 10,000 ne a gida da waje. A gida mutum zai ci abincin gidansa, ya kwana a ɗakinsa. A waje idan abinci sau uku da ruwan sha da sabulu da cajin waya suka ci naira 4,000, to a zahiri 6,000 aka biya shi a kan aikin da ya fi na gida wahala. Ita kanta gwamnatin tarayya ta amince da wannan ƙa'ida ga ma'aikatanta, domin a kuɗin kwana da ta sabunta a 2022 ma'aikaci mafi ƙanƙantar mataki yana da naira 10,000 a kowane dare idan aiki ya fitar da shi, ban da albashinsa. Ban ce ɗan kwangila ya biya daidai wannan ba, amma tushen abin ɗaya ne.

Barista Halima, Bauchi

Ina yi wa kowa sallama. Tun da an taɓo gwamnati, bari in faɗi abin da Dokar Ƙwadago ta Najeriya ta tanada, domin da yawa daga cikin masu sana'a ba su san tana magana a kan wannan ba. Sashe na 14 ya ce idan aka buƙaci ma'aikaci ya yi tafiyar kilomita 16 ko fiye daga inda ya saba aiki zuwa wani wurin aikin, yana da haƙƙin a kai shi kyauta ko a ba shi kuɗin mota a madadin haka. Sashen ya ƙara da cewa idan mai aiki ne ya kawo motar, dole ta kasance ta dace da ɗaukar mutane, mai tsabta, kuma ba a cunkushe ta ba, wanda ke nuna cewa jibge leburori a kan tifa tare da baro da kwanon sarki ba abin da doka take nufi ba ne. Daga Gombe zuwa Kumo ko Dadin Kowa ma an haura kilomita 16, balle Yola. Sashe na 7 kuma ya wajabta wa mai aiki ya ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce kafin wata uku su wuce da fara aiki.

A kan ranakun zama, sashe na 17 ya ce idan ma'aikaci ya zo wurin aiki da lafiyarsa amma mai aiki bai ba shi abin yi ba, zai biya shi ladan wannan rana cikakke. Sai dai idan abin da ya tsayar da aikin ya fi ƙarfin mai aiki, to ranar farko kawai zai biya, kuma wannan rangwame ba ya wuce mako guda sai da amincewar jami'in ƙwadago.

Amma kada in ba ku rabin magana. Waɗannan tanade-tanade sun fi ƙarfi ga wanda aka ɗauka a matsayin ma'aikaci, mai yi wa wani aiki a ƙarƙashin umarninsa. Wanda ya karɓi jinga ya zo da yaransa da kayan aikinsa, mai aiki zai iya cewa shi ma ƙaramin ɗan kwangila ne mai zaman kansa, sai a koma ga abin da suka ƙulla tsakaninsu. Haka kuma mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a watan Yuli na 2024 bai hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba, bai kuma shafi wanda ake biya gwargwadon abin da ya aikata ba. Ke nan mafi yawan masu sana'ar hannu yarjejeniyarsu ce kaɗai garkuwarsu.

Baba Adamu Kafinta, Azare

Barista, Allah ya saka da alheri. Ni na daɗe da guduma a hannu, kuma ina so yaran yanzu su san cewa abin da Usman yake nema ba baƙon abu ba ne. A da idan mai gida ya kira ka rufin ɗaki a wani ƙauye, baƙonsa ne kai. Zai sauke ka a zaure ko shagon samari, a kawo maka kunu da safe, fura da rana, tuwo da dare, kuma ranar tafiya a haɗa ka da ɗan hatsi. Babu wanda ya rubuta wannan, amma kunya ba ta barin mutum ya bar maƙerinsa ko magininsa da yunwa. Da aiki ya koma hannun 'yan kwangila, mai ginin yana Abuja, ɗan kwangila yana Bauchi, kai kuma kana daji tare da mai gadi, sai baƙuncin ya mutu ba tare da an maye gurbinsa da kuɗi ba.

Masaukin da ake cewa an ba mu, ku tambaya ku ji wane iri ne. Kangon da muke ginawa ne. Babu ƙofa, babu taga, sai mu jingina fallen kwano a bakin ɗaki mu tokare shi da bulo. Takardun buhun siminti muke shimfiɗawa a kan danshin daɓe mu ɗora tabarma, mu kafa ƙusa a bango mu rataya gidan sauro idan akwai wanda ya tuna ya zo da shi. Ruwan da tanka ta zuba don kwaɓa siminti, da shi ake wanka, da shi ake alwala, wani lokaci da shi ake dafa taliya a kan duwatsu uku da guntayen katakon da muka yanke. A lokacin hunturu ƙafa takan tsage, da damina kuma zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da mutum, kuma ranar da ya kwanta babu lada, kuɗin magani ma daga aljihunsa. Na taɓa yi wa wani mai aiki rufi inda katako ya ƙare, aka ce yana hanya, muka yi ta zama muna cin abin da muka tara har guzurin ya ƙare, kuma da aka zo sallama ko ranar guda bai lissafa mana ba, wai ai ba mu buga ƙusa ba. Da a gida nake, da na karɓi gyaran ƙofa ko kujerar makaranta a waɗannan kwanaki. Alhaji Garba, wannan zaman shi ne abin da ya fi yi mana ciwo, ya fi kuɗin mota nesa ba kusa ba.

Malam Abdullahi, Bolari, Gombe

Baba, abin da kuka faɗa malaman fiƙihu sun yi bayaninsa tun da daɗewa. Sun raba ɗan ƙodago gida biyu. Akwai wanda yake karɓar aikin jama'a da yawa a shagonsa, kamar tela, wanda ba ya cancantar lada sai ya yi aikin. Akwai kuma wanda mutum ɗaya ya keɓe shi na wani lokaci, shi kuwa yana cancantar ladansa da zarar ya miƙa kansa ya zauna a shirye, ko da mai aikin bai ba shi abin yi ba. Wanda aka ɗauke daga Azare aka ajiye shi a wurin gini, ba ya iya yi wa kowa aiki sai mai ginin, a fahimtata ya fi kusa da kashi na biyu.

Sharaɗin ingancin ijara, wato ɗaukar mutum aiki da lada, shi ne a san aikin, a san ladan. Kalmar nan da muka saba ji, "mu je kawai, ba za mu ɓata ba", ita ce ƙofar jayayya, kuma Musulunci ya hana ƙulla ciniki a kan abin da ba a fayyace ba. A Suratul Ƙasas aya ta 27, da aka ɗauki Annabi Musa, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, aiki a Madyana, an faɗi shekaru takwas a sarari, an kuma bayyana cewa cika goma ganin damarsa ne. Aya ta 282 a Suratul Baƙara ta yi umarni da rubuta bashi, kuma ladan da aka jinkirta zuwa ƙarshen aiki bashi ne. Hadisin da Ibn Majah ya ruwaito na biyan ma'aikaci kafin guminsa ya bushe kowa ya haddace shi. Sai dai ina tunatar da masu sana'a cewa wanda ya karɓi kafin alƙalami ya gudu, kamar yadda Alhaji ya koka, shi ma haƙƙin wani ya ci.

Maman Fa'iza, Pantami, Gombe

Ina neman afuwar iyaye da malamai, ni ba mai sana'a ba ce, matar mai fenti ce. Abin da ban ji an ambata ba shi ne, duk ranar da maigida ya tafi aiki wani gari tukunya biyu ake ɗorawa da kuɗin mutum ɗaya, tasa a can da tamu a nan. Idan aka ce sai an gama aiki za a biya, mu ne muke zuwa wurin mai shago karɓar bashin masara da mai, mu ne muke ba malaman makaranta haƙuri. Saboda haka ina roƙon 'yan kwangila su riƙa bayar da wani kaso kafin tafiya domin a bar wa gida, sannan a riƙa biya duk mako ko da kaɗan ne, tun da yanzu ana iya turawa ta waya. Alhaji, idan tsoron gudu ne, ai kun san gidajenmu, kuma mai iyali ba ya ƙaura saboda kuɗin mako guda.

Isiyaku, mai koyon walda, Tudun Wada, Gombe

Baba Usman, ku gafarce ni, amma akwai wani ɓangare da ya shafe ku ku iyayen gidanmu. Sau da yawa mai aiki yakan bayar da kuɗin mota da na abinci na mutum biyar, maigida ya karɓa a hannunsa, mu yara kuma a saya mana garin kwaki da ƙuli a ce mu yi haƙuri ana koya mana sana'a. Mu ne masu ɗaukar janareto da ƙarafa, mu ne masu kwana a wurin kaya saboda ɓarayi, alhali maigida yakan sami ɗaki a cikin gari. Idan za a nemi adalci daga 'yan kwangila, ina ganin ya kamata abin da aka bayar da sunan yaro ya isa hannun yaro. Ban faɗi haka don raina kowa ba.

Malam Usman Birkila, Jekadafari, Gombe

Isiyaku, ba ka yi rashin kunya ba, kuma wannan ɗabi'a tana nan a cikinmu. Ladan koyo ana iya yin magana a kansa, domin yaron da bai iya ba ba zai karɓi abin da gwani yake karɓa ba. Amma ciki ba ya sanin wane ne gwani, kuma direba kuɗin kujera ɗaya yake karɓa a wurin kowa. Kuɗin abinci da na mota dole su zama daidai ga maigida da yaronsa, kuma ya fi kyau a faɗe su a gaban kowa ranar da ake ƙulla magana. Wannan ma wani dalili ne da ya sa nake ƙin jinga dunƙule, domin a cikinta ne haƙƙin yara yake ɓacewa ba tare da an ga inda ya shiga ba.

Ina ƙara tambayar ranar tafiya. Wanda ya tashi daga Gombe zuwa Abuja ta Bauchi da Jos da Akwanga da Keffi ya kashe yini guda cur a mota, haka ma ranar dawowa. Waɗannan kwana biyu saboda aikin aka ɓatar da su.

Alhaji Garba, ɗan kwangila, Fadaman Mada, Bauchi

Na saurari kowa, musamman Baba Adamu da Maman Fa'iza. Kuɗin mota zuwa da dawowa, da ɗaki mai ƙofa da ruwa mai tsabta, da biyan mako-mako, ban ga abin musu a cikinsu ba, kuma zan iya nuna wa mai gini su a rubuce. Zaman da rashin kaya ya jawo ma na yarda nauyina ne, tun da ni ne mai sayo kayan. Inda ban yarda ba shi ne ruwan sama. Idan aka wayi gari a watan Agusta ana ruwa har la'asar, ba ni na saukar da shi ba, kuma ni ma asara nake yi. Ranar tafiya kuma ba zan iya biyan lada cikakke a kanta ba, sai dai abincin hanya. Sannan ina tambaya, idan mutum ya yi rabin aiki ya ce shi ya gaji ko ya sami wanda ya fi, ni ne zan biya masa motar komawa?

Injiniya Sa'idu, Gombe

Alhaji, a wuraren da na kula da aiki abin da ya fi kawo zaman lafiya shi ne a raba abinci da lada. Abinci ana bayarwa kowace rana da mutum ya kwana a wurin, ko an yi aiki ko ba a yi ba, ko ruwa ne ko Juma'a ce ko zazzaɓi. Lada kuma cikakke ne idan tsaikon daga mai aiki ne, rabi idan daga sama ne, kuma rabin nan na ranar tafiya ma ya wadatar. Ga mai jinga, sai a yanka kuɗin bisa matakan gini, wato tushe, linta, dekin da rufi, a biya kowanne da an kammala shi, ta yadda babu wanda zai riƙe wa wani kuɗi mai yawa. Wanda ya bar aiki don ganin damarsa shi zai kai kansa gida. Wanda ciwo ko rasuwa ko rashin biya ya tayar da shi, mai aiki ne zai mayar da shi. Ni nakan so a damƙa wa kowa kuɗin komawarsa tun ranar da ya sauka, domin mutumin da ba shi da kuɗin mota a aljihu ba ya iya cewa a'a ga kowane irin sharaɗi aka sauya masa a can.

Barista Halima, Bauchi

Duk abin da kuka daidaita a kai, ku rubuta shi. Ba sai an je wurin lauya ba. Saƙon WhatsApp da ya faɗi aikin, da ladan, da wanda zai ɗauki mota da masauki da abinci, da hukuncin ranar zama, ɗayan kuma ya amsa cewa ya yarda, hujja ce da kotu take iya karɓa a ƙarƙashin sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 idan an cika sharuɗɗansa. Wanda ba ya rubutu ya yi saƙon murya a gaban shaidu biyu. Ku kuma sa maganar rauni a ciki. Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta ɗora wa masu ɗaukar ma'aikata zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da suke biya a asusun inshorar ma'aikata na gwamnati, wato NSITF, domin irin wannan rana, amma mai jingar da ba a yi wa rajista ba zai sha wahala kafin ya amfana, don haka a faɗi tun farko wanda zai biya asibiti idan mutum ya faɗo daga kan gini.

Baba Adamu Kafinta, Azare

Injiniya, tsarinka ya yi, amma a ƙara kuɗin ɗaukar kayan aiki. Birkila yana iya sa cokalinsa da igiyarsa da ma'auninsa a jaka ya rungume, amma kafinta mai injin yanka katako, ko mai walda da janareto da tukunyar gas, sai ya biya kuɗin kaya a tasha, wani lokaci ma sai ya sayi kujera guda saboda su. Idan kuma aka sace injin a kangon da babu ƙofa babu mai gadi, a yanzu mai injin ne yake ɗaukar asarar shi kaɗai. Alhaji Garba, ina so in ji matsayinka a kan wannan kafin mu kai maganar gaban shugabannin ƙungiyarmu ta kafintoci.